Likitan Hawa na Uku

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma zuciyar ta yi min, ina tsaye gaban allo. Bugu biyu sai shiru, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ya fasa. Ɗalibai ba su lura ba. Likitanmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa, in nemi likitan zuciya, amma wanda ke karɓar inshorarmu.

Laraba, 5 ga Maris
Na buga waya har kunnena ya yi zafi. Ko'ina da fara'a ake ɗauka, da na faɗi sunan inshorar sai murya ta sauya. Matar kamfanin inshorar ta ce likita ɗaya ya rage musu a garin. Kafin ta faɗi asibitin na riga na sani. Hawa na uku.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban gaya wa Baban yara ba.

Asabar, 8 ga Maris
Can Yaya ya cika bara. A kan benci, bakin ƙofar likitan, muna jiran kamfani ya turo lambar izini, don ba a duba mutum sai da ita. Ina ta yi masa tsiyar tumbi. Ya jingino da kafaɗata, na ce ya ɗaga ni, ya cika nauyi. Bai ɗaga ba.
Har yau in na zauna shiru sai in ji nauyin.

Talata, 11 ga Maris
Baban yara ya gano. Ya ce, "Ke da benci kike gaba ko da ranki?" Na ba shi baƙar magana, don gaskiya ya faɗa.

Juma'a, 14 ga Maris
Na je har gindin matakala, na juyo. Na sayo sabulu don kada in koma hannu rabbana. Tsoro nake ji, wa zan ɓoye wa a nan?

Litinin, 17 ga Maris
Na hau. Sun ɗauke bencin, sun jera kujerun roba. Haushi ya kama ni, ban san dalili ba. A tsaye na jira, lambar kuwa nan da nan ta iso. Yau ta san hanya.
Likitan bai gane ni ba sai da na ambaci Yaya. Ya ajiye biro. Ya ce irin wannan ciwon jini yake bi, amma nawa an tare shi da wuri. Ya tambaya ko cikin 'ya'yana akwai mai saurin gajiya. Na ce duk lafiyarsu lau.

Laraba, 19 ga Maris
Auta ta dawo daga makaranta, ta zube bakin ƙofa tana haki. Kullum raguwa nake ce mata. Yau ban ce ba. Na ɗora tafina a ƙirjinta da sunan gyara mata maɓalli.
Na nemar mata lambar izini. Dubawa ce kawai, ba wani abu ba.
Ta ce, "Mama, wurin da ban tsoro?"
Na ce babu, ai ni na saba zuwa.