Goro da Hannun Hagu

Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna da mutanen Rimaye baki ɗaya. Ya damina? An gama noman farko?

Ni lafiya lau nake a nan Alƙahira. Har yanzu ni kaɗai ce mace a sashenmu na tiyatar ƙwaƙwalwa, wasu majinyata sukan dube ni su tambaya yaushe likita zai zo. Ba komai, na saba. Jiya awa tara na yi a tsaye kan wata yarinya. Ƙafafuna sun kumbura, amma ta farka ta kira uwarta.

Yaya, sau huɗu ina kira a ba ni Baba, kullum sai ku ce yana gona. Har ranar Juma'a? Sai ga hoton sunan ɗan Lailatu da ka turo. Na ga Baba yana karɓar goro da hagu, hannun dama yana cikin riga. Mutumin da ya yi ta bugun hannuna har na daina ci da hagu? Gefen bakinsa ma ya karkace.

Na san ba ku son ɗaga mini hankali ne, Allah ya saka. Amma in abin da nake zato ne, ƙahon wanzami ba zai yi ba. Ku kai shi Katsina a ɗauki hoton kansa, yau ba gobe ba.

In kuwa sharri na yi muku, ba shi waya ya yi mini faɗa da bakinsa. Ina jira.

Ƙanwarka,
Zinariya