Gicciyen da Ban Gani Ba

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da duk masu karatu a wannan zaure. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin na san zan sha shi, kuma babu abin da za ku faɗa wanda ban riga na faɗa wa kaina ba. Shawara nake nema, da gaggawa kuma, don akwai ran mutum a cikin maganar.

Ni 'yar cikin gari ce, a Dala aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na hayayyafa. Maganar a kan ɗana na fari ce. Kun san yadda aka tashe mu da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, a nan ma zan ce masa Sadiku ne don ba shi ne sunansa ba. Ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa a gaban idonsa ba, haka na ga uwata ta yi wa yayana. Yaron nan yana gama sakandare ya faɗa hannun abokai. Daga sigari sai sholisho, daga nan sai ƙwaya da maganin tari, kafin mu farga ya zama ɗan daba sosai, da wuƙarsa a ƙugu. Ranar da ya shigo a buge ana walimar saukar ƙanwarsa ya kifar da farantin baƙi, babansa ya kore shi, ya kuma rantse in na sake buɗe masa ƙofa a bakin aurena. Ya koma kwana a wani kango a bayan dutse tare da ire-irensa.

A nan raina yake fara tafasa. Unguwar nan cike take da malamai da alhazai da masu ilimin boko, kowa ya san kangon nan, kowa yana wucewa ta gabansa. Wa ya taɓa tsayawa? Wa ya taɓa cewa yaro zo nan, me ke damunka? In yaran suka shigo masallaci sai a dinga janye jiki ana duba takalma. In kakar zaɓe ta zo a kwashe su a mota a ba su abin da za su sha su yi ta ihu, a gama a watsar da su. Ni kuma in na fita unguwa sai dai in ji ana ƙus-ƙus, ga uwar ɗan daban nan. Ban taɓa jin wanda ya ce Allah ya shirya a gabana da zuciya ɗaya ba.

Ana haka sai wasu Kiristoci daga Sabon Gari, mata da matasan wani coci, suka nemi izinin mai unguwa suka kama shago a bakin titi. Duk Asabar suke zuwa. Suna koya wa yara gyaran waya da ɗinki, su dafa abinci, da yamma a buga ƙwallo. Shugabarsu wata dattijuwa ce da ake kira Mama Rifkatu, tsohuwar nas, Bahaushiya ce daga wani ƙauye, Hausarta ta fi tawa fita. Sadiku ba koyon sana'a ya kai shi ba, sara ne aka yi masa a dantse har ya fara ruɓa, abokansa suka ja shi can. Matar nan ta zauna ta wanke ciwon da hannunta, ta ɗaure, ta ce ya dawo. Ya koma, ya sake komawa, har ya zauna a teburin gyaran waya. Shi ya ba ni labari da bakinsa cewa da an kira azahar take tafa hannu ta ce, "Ku tashi ku je ku yi sallarku, aikin ba gudu zai yi ba."

Wallahi na ga canji da idona. Yaron ya yi aski, idonsa ya washe, ya fara zuwa jam'i. Kawunnansa suka sa baki babansa ya yafe masa ya dawo gida. Ya kamata in yi ta godiya ko? To ni wani abu ne ya tsaya mini a ƙirji. Komai sai ya ce Mama. Mama ta ce kada in zauna da yunwa, Mama ta ce hannuna yana da kyau a aiki, Mama ta ce kaza. Wata rana yana cin tuwo a tsakar gida ya sake cewa Mama, sai na kasa daurewa na ce, "Wai wace Mamar? Uwa nawa gare ka?" Ya ajiye lomar ya dube ni, ba da tsawa ba, a hankali ya ce, "Umma, ranar da na zo da hannuna yana wari ke kika rufe ƙofa. Ita ta wanke." Ya ci gaba da cin tuwonsa. Jama'a, ya san cewa a bayan ƙofar nan na durƙushe ina kuka har muryata ta dishe? Ya san rantsuwar da ke kaina? Bai sani ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Na shige ɗaki ina jin kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Ni na ɗauki cikinsa, ni na sha gorin unguwa shekara da shekaru, sai wata ta zo da auduga da ruwan magani ta zama Mama?

Washegari muka je suna a unguwar Sheshe. Ɗaki cike da mata, sai yayar mijina, Hajiya Asabe, ta ce da ƙarfi tana dariya, "Ashe ɗanki ya yi sabuwar uwa a Sabon Gari? An ce ita ta iya tarbiyya." Ɗakin ya ɗauki shewa. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ku dai bari kawai, ni da na ga gicciye a cikin kayansa." Sai ɗakin ya ɗauki salati. Anti, ban ga komai ba. Babu gicciye, babu littafi, babu komai a kayan yaron nan sai 'yan sukurdirebobi da casbaha. Na faɗa ne don in wanke kaina, don a daina yi mini dariya a koma zaginta. Kuma ba zan ce muku ban san garin da nake ba. A Kano na girma, na san abin da irin wannan magana take haifarwa. Na sani, na kuma faɗa.

Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa ta dawo mini da wata kama, wai ana yi wa yaranmu wankan coci a bayan shago, wai ana ba su sabon suna. Ina ji ban ƙaryata ba. Ranar Asabar da hantsi mutane suka taru a bakin shagon. Mai unguwa ya zo yana ba da haƙuri, ba wanda ya saurare shi. Aka fara jifa, aka fasa tebura, aka watsar da kekunan ɗinki a kwata. Dutse ya sami Mama Rifkatu a goshi, jini ya wanke mata fuska. Kun san waɗanda suka kare ta? 'Yan daban nan da ake ƙyama, su suka zagaye ta da jikinsu, Sadiku ya ɗauke ta ya sa a adaidaita sahu. Daga baya dattawa suka zazzage kayansa da na sauran yaran, ba a ga komai ba. Mai unguwa ya ce ƙarya ce aka ƙulla, amma don zaman lafiya kada 'yan cocin su sake zuwa. Shi ke nan, an rufe. Waɗanda suka yi jifan nan, a cikinsu wa ya taɓa ba yaran nan ko ruwan sha? Sai yanzu kishin addinin yaranmu ya motsa musu? Da suna kwance a kango ba sallah ba salati ina kishin yake? Yanzu da aka kori matar, wa ya buɗe wani shagon a madadinsa? Ba kowa. Ina jin haushinsu kamar in mutu, amma da na ɗaga kai sai in tuna ni na kunna wutar.

Sadiku ya matsa sai na raka shi dubiya. Na yi ta kawo uzuri har na rasa na kawowa, na bi shi. Muka same ta a ɗan ɗakinta da bandeji a kai. Tana ganina ta yunƙura ta kama hannuna biyu ta ce, "Ke ce mahaifiyarsa? Sannu da ƙoƙari. Kullum zancenki yake, ya ce duk unguwar ba mai haƙurinki." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya fita sayo mata lemo, don in samu abin da zan riƙe a kanta, na ce, "Ki faɗa mini gaskiya, me ya kawo ki unguwarmu?" Ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, addinina ne ya sa ni, kuma ina yi musu addu'a a cocinmu. Amma ban taɓa ce wa ɗan kowa ya bar nasa ba. Ni ɗana ƙwaya ce ta kashe shi, ba wanda ya tsaya masa, ni ma ban iya ba." Sai ta ƙara riƙe ni ta ce, "Don Allah ki kula da shi, na ga idonsa ya canja. Kada ya ce zai rama mini. Ke kaɗai yake jin maganarki." Ku yarda da ni, har kirkin nata haushi ya ba ni. Da ta zagi unguwarmu, da ta tsine wa wanda ya jawo mata, da na samu sauƙi. Na ce mata Allah ya ƙara sauƙi, na fito.

Abin da ta hango kuwa ya faru. Yaron ya daina taɓa kayan gyaran, ya koma zama da tsofaffin abokansa, idonsa ya soma ja kamar da. Bin diddigin maganar yake yi gida-gida. Yanzu ya tsaya a kan wani bawan Allah, Nasiru mai aski, don shagonsa na maƙwabtaka da na 'yan cocin kuma ya taɓa cacar baki da su a kan hayaniyar yara. Nasiru yana da mata da ƙananan 'ya'ya, bai san hawa ba bai san sauka ba. Shekaranjiya da la'asar na leƙa soro na tarar da Sadiku yana wasa tsohuwar wuƙarsa, wadda na zaci ya yar tuni. Na ce, "Kai, mene ne haka?" Ya ce, "Umma, wanda ya ƙulla wannan abin, ko waye shi, sai na ga jininsa. Ya raba ni da wurin da aka ɗauke ni mutum." Na ce ya bar wa Allah, na ce Nasiru ba ruwansa. Ya tsura mini ido ya ce, "Ta yaya kika san ba ruwansa?" Na juya na shige gida.

Hajiya Asabe ta kira ni a waya, wai in ja bakina in yi shiru, su ma matan sunan sun yi shiru, abin kunyar na dangi ne gaba ɗaya. Ita da ta fara tsokanar! Kuma shirun ɗaki guda na mata, har yaushe zai kai? Babansa bai sani ba, in ya ji ban san ko zan kwana a gidan ba. In na faɗa wa yaron, wuƙar zai ajiye ko kangon zai koma har abada, ya ce uwar da ta rufe masa ƙofa ita ce ta sake rushe shi? In na je wurin mai unguwa, gobe duk Dala ta san ni ce. In na yi shiru, Nasiru fa? Matar da aka fasa wa kai fa, da wane ido zan tsaya gaban Allah da haƙƙinta a wuyana? Na yi istigfari har na gaji, amma na san istigfari ba ya goge haƙƙin mutum sai ka je ka same shi.

Ɗazu ya fita bai ci abinci ba, na duba inda yake ajiye wuƙar ban gan ta ba. Don Allah iyaye mata, malamai, duk wanda ya san ciwon ɗa, wa zan fara tunkara, yaron, ko babansa, ko Mama Rifkatu? Ku faɗa mini, ni yanzu me zan yi?