Gaurakin da Suka Gaji Tafkin Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin maigidan, yaya yara? Allah ya ƙara sauƙi. Baba da Inna suna gaishe ki.

Kin tambayi maganar diyya. To, tun da bututun nan ya fashe ɗanyen mai ya rufe tafkin Baba, abin da muka samu daga kamfani shi ne jaje a lasifika. Baba kullum yana bakin ruwa yana ɗinkin komar da babu inda za a jefa ta. Amma gauraki an kafa musu asibiti, da ruwan ɗumi da tawul, ana wanke su da sabulun da ni ban taɓa shafawa ba. Wai jinsinsu ya kusa ƙarewa. Jinsin masunta kuwa da alama akwai rara.

Kin tuna Ɗan Ƙwalisa na gidan Goggo, wanda ya tashi da harbin tsuntsu da danƙo? Shi ne yanzu jami'in kula da tsuntsaye, har da safar hannu. Na je masa da maganar Baba, ya dube ni ta saman tabarau ya ce sai inda gauraki ke sauka kamfani yake kwashe mai. Na yi masa godiya. Ya manta a rumfata yake awon dawarsu, kuma ni nake zuba musu, don shi tsoron sara yake yi. Da na kaɗa kwano suke taruwa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Mai Awo


Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, maigidan kuma ya miƙe.

An saki gaurakin, da manyan baƙi da masu hoto, a fadamar da aka gyara musu. Ni kuwa ina kan tudun tafkin Baba da kwanona. Suka bar masu jawabi da jawabinsu, suka sauka gabana. Kullum da safe haka, har Ɗan Ƙwalisa ya fara gaya wa mutane bincikensa ne ya gano mazauninsu na asali.

Sai ga motocin kamfani. Abin da kukan Inna bai yi ba, kwano ya yi. Aka kwashe man tas, har 'yan kifaye suka fara wasa a gefe. Baba ya toshe kwalekwalensa, ya koma cin abinci.

Jiya suka zagaye tafkin da waya. Ya zama wurin kare tsuntsaye, an hana kamun kifi. Na yi ciniki da waɗanda mudunsu ya fi nawa zurfi. Ɗan Ƙwalisa ya shigo gida yana hura hanci, wai ya samo wa Baba diyya: aikin gadi, da riga da usur. Inna har da guɗa ya so ta yi masa.

Yau na tarar da Baba cikin rigar, hannunta ya rufe masa yatsu, komarsa a shanye kan wayar. Aikinsa ya kori duk masuncin da ya doshi ruwan. Ke kin san tun tasowarmu masuncin tafkin nan mutum ɗaya ne.

A shafa min kan yara.

Taki,
Mai Awo