Saitin da Ban Taɓa Faɗa wa Kowa Ba

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Sadiƙ ya kira daga Kaduna. Shekara tara rabon da in ji muryarsa. Wai wani kamfani zai sake fitar da faifanmu na biyu, a kuma yi wasa a Abuja ƙarshen Disamba. Sharaɗinsu ɗaya ne: ƙungiyarmu Maƙera ta asali, mu huɗu. Shi a waƙa, Abdul-Majeed a ganguna, Ɗantala a bes, gita mai kaurin murya, ni a gita. Ba Masahudun da suka ɗauka a madadina bayan na taho Doha ba.

"Sarkin ƙarfe, har yanzu kana dakon akwatin matafiya?" in ji shi. Na ce dakon ne ya gina mini gida a Rigasa, kai kana ina? Ya yi dariya. Sau uku na ce ya maimaita magana. Layin ne ba kyau.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na fito da gitar daga ƙarƙashin gado. Bawah, mutumin Kumasi da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "Massa, ashe da gaske kake?" Na nuna masa hoton 2011. A lokacin, shekara uku muka yi babu kamarmu. Su wa suka taɓa jin kiɗan metal, mai rugugin gita, da Hausa kafin mu? Mun cika zaure a Jos har aka ɓalle ƙofa. Faifanmu har a tasha ana tallarsa. Limamin unguwarmu ya ce kiɗan aljanu ne, alhali ɗansa na sahun gaba.

Ba wanda ya koya mini. Daga aji uku na sakandare na fita, kunnena ne malamina.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na saita gitar irin saitina. Shi ne sirrin ƙarar Maƙera, na samo shi ne daga garayar wani maharbi. Na'urar saiti ba ta san shi ba, sai da kunne. A da, baya nake juya wa mutane in zan yi, har su Sadiƙ. Shekara tara Masahudu na lalube bai kama ba. Shi ya sa suke nemana, ba don Allah ba.

Na ɗauki kiɗan a waya na tura.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sadiƙ: "Garzali, wasa kake? Tsirkiyar nan ta kauce." Na zage shi. Na sake saurara sau goma. Daidai nake ji.

Talata, 14 ga Oktoba

Na sake turawa. Abdul-Majeed ne ya amsa, a hankali kamar mai gaisuwar mutuwa: "Yaya, ko a duba gitar?"

Gitar lafiyarta ƙalau. Sabbin tsirkiyoyi na saya a wani shago a Aziziya, nan Doha.

Alhamis, 16 ga Oktoba

A filin jirgi oga ya sake kama ni da abin toshe kunne rataye a wuya. "Yalla, sa shi!" Na sa, ya juya na cire. Shekara tara haka nake yi. Injin jirgi in ya tashi, ƙirjina yakan ɗauka kamar ina tsaye gaban sifika. Nan ne kaɗai nake jin ni ne. Yara su toshe kunne, ni da na yi shekaru a gaban ƙara?

Bawah ya ce jiya ya kira ni sau huɗu daga hagu ban waiwaya ba.

Laraba, 22 ga Oktoba

Asibiti. Sun sa ni a ɗan ɗaki, in danna maɓalli in na ji sauti. Na zauna ina jira su fara. Ashe sun daɗe da farawa.

Likita ta ce kunnen hagu ya tafi, na dama ya rasa siraran sautuka. Na ce magani fa? Ta ce a dai kare abin da ya rage. Khalas, shi kenan.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ban taɓa gitar ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na yi tunanin in je haka. In hau dandali, in juya baya yadda na saba, in saita. Mutane su yi ihu don sun ga Garzali. Sai in buga, su kalli juna, ni kuwa ina murmushi ban sani ba. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Ni kaɗai a zauren ba zan san na lalata ba.

In kuma ban je ba, ba mu huɗu, ba wasa. Ɗantala tun da aka rufe masaƙar da yake aiki yake zaune, ya riga ya faɗa wa 'ya'yansa za su gan shi a dandali.

Sadiƙ ya kira sau biyar. Ina kallon wayar tana haske.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na faɗa wa Sadiƙ. In ma ya yi magana, ban ji ba. Daga baya ya rubuto: kamfanin zai haƙura da Masahudu, amma sai in gitar ta yi ƙara irin ta faifan. Bai roƙe ni saitin ba. Ya san ni.

Su nema. Ni wa ya ba ni?

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Bayan masallaci na rubuta wa Masahudu. Sassauta tsirkiya ta biyu har ta yi daidai da ta uku, ka ƙara sassautawa kaɗan sai ka ji suna karkarwa tare. Sannan ka soka yankin gwangwanin madara a gindinsu. Layi uku kacal. Abin da na ɓoye shekara goma sha biyar.

Don kada ya ɓata mini suna ne kawai.

Ya turo kiɗan da la'asar. Na miƙa wa Bawah wayar na ce ya gwada da faifan. Ya saurara, gashin hannunsa ya miƙe. "Massa, kai ne wannan." Na ce ba ni ba ne.

Gobe ina aikin safe. Na sa abin toshe kunnen a jaka. Sanyi ya fara shigowa, abin kuwa yana ɗumama kunne.