Kada a Sa Garma a Gonar Alfalfa

Baba,

Na fita kana barci. Don Allah in mai garma ya zo, ka sallame shi. Alfalfar da muka shuka wa shanu ba ta mutu ba!

Da sassafe na je na tona gindi biyar. Ganyen ne kawai ya yi yaushi. Saiwar ta nutse har ta kai gwiwar hannuna, can ƙasa kuma da sauran danshi. Ruwa take bi, shi ya sa ba ta yi tsawo ba. Ciyawa ce ta danne ta. In muka tuge ciyawar a busasshiyar ƙasar nan, da alfalfar za ta taho. Yanke ciyawar za mu yi daga sama, tamu ta samu rana.

Jiya da ka ce na ɓarnatar da iri, abin ya tsaya mini a rai. Na tafi aron lauje wajen Kawu. Mako biyu kawai nake roƙo.

Na ajiye maka saiwa ɗaya kusa da butarka, ka auna ta da hannunka. Ƙotar fartanyarka kuma ta karye wajen tono, ka yi haƙuri. Saiwar ce ta ƙi ƙarewa.

Ɗanka