Na Zama Idon Babanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da mijina ƙarami mai ƙiriniya. Ya jikin surukarki? Ki gaishe min da ita da kyau. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Kin ce in ba ki labarin karatun babanki, tunda shi ko an tambaye shi ba ya wuce "ana fama". To, jami'ar tasu ta karatu daga gida ta aiko saƙo cewa littattafai sun iso cibiya. Ya rufe shagon gyaran agogonsa, na rufe keken ɗinkina, muka tafi. Layi har bakin ƙofa, ga masu kaki, ga ma'aikatan asibiti, ga mata da goyo. Da muka isa gaban tebur, ma'aikacin ya ce, "Baba, na wane yaron za ka karɓa?" Babanki ya gyara hula ya ce, "Ga yaron nan a gabanka." Har na bayanmu sai da suka dara.

Littafi ɗaya bai zo ba, aka ce mu sauke shi daga shafin jami'a. Matar nan mai shagon kwamfuta ta kusa da kantin magani ita ta buga mana shi, ta ɗinke.

Da muka dawo ya zauna a kujerarsa ta baranda ya buɗe na ilimin ƙasa. Ya kai shi dab da hanci, ya janye shi nesa, ya goge tabarau, ya sake. Can sai ya rufe, ya ɗora hannu a kan bangon. Auta, yanar idon nan ta ci ƙarfinsa fiye da yadda yake nuna mana. Na jawo kujera na karɓi littafin.

Yanzu kullum bayan la'asar ni ke karanta masa. Turancina ya yi tsatsa tun barina sakandare, ina tuntuɓe yana tayar da ni. Amma abin da ke ciki! Ashe akwai kogunan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, babu mai ganinsu. Akwai inda rana ke ƙin faɗuwa wata da watanni. Jiya ina ɗinka wani shuɗin yadi, yana zubowa daga kan keke zuwa ƙasa, sai na ga kamar ruwa ne ke gangarowa daga dutse, ni kuma ina tsaye a gindinsa ƙafata a jiƙe. Sai da mai kayan ta yi sallama ta sake yi kafin na dawo ɗakin.

Ki sa babanki a addu'a. Ki shafa min kan yaron.

Taki,
Mama

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidimar gida? Na ji yaron ya yi haƙori, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, an yi aikin idon lafiya. Ga yadda abin ya kasance.

Ranar da likita ya sa ta faɗo daidai da ranar ƙarshe ta miƙa aikin gida. Wanda bai ɗora nasa a shafin jami'a ba, zangon ya wuce shi. Babanki ya ce a bar shi kawai, dama shi ya ɗauko wa kansa rigima da furfura. Na san shi, in ya ajiye wannan karon ya ajiye ke nan har abada, kuma kin san tun kuna ƙanana yake maganar jami'a. Na ce ban yarda ba. Bakinsa lafiya lau, hannuna lafiya lau.

Tambayar ita ce a bayyana tafiyar kogi daga mafarinsa har ya faɗa teku. Yakan jingina ya lumshe ido yana faɗa, ina rubutawa. Wani lokaci sai in nemi baranda in rasa, in gan mu cikin ƙaramin jirgin ruwa ni da shi, yana nuna min inda ruwa ya ci gaɓa da inda ya zubar da yashi. Akwai wurin da na ce masa ba haka littafi ya ce ba. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ke ɗaliba ce ko magatakarda?" Na rubuta yadda ya faɗa, tunda aikinsa ne. Da safe da kansa ya ce in sake karanto masa shafin, ya gyara, bai kalle ni ba.

Ranar aikin na bar yayanki a asibiti tare da shi, na nufi shagon kwamfuta. Matar ta buga rubutun tsaf, amma shafin ya ƙi buɗewa. Ta ce duk ɗaliban duniya yau suka tuna da nasu. Wani ɗan da'ira ne ke ta juyawa a fuskar kwamfutar, ina kallonsa, fanka na kaɗa labule, zuciyata rabi a nan rabi a ɗakin tiyata. Na ga babanki yana saurayi, ranar da ya fara zuwa gidanmu da agogo a kowane hannu, wai ɗaya gyara aka kawo masa. Na ga kogin nan nasa ya kusa teku, ya yi faɗi, ya daina sauri. Ban san hawaye nake ba sai da matar ta dafa ni ta ce, "Mama, ya shiga."

Na same shi kwance da bandeji a ido. Ko sannu bai bari na yi masa ba, ya ce, "Ya shiga?" Na ce ya shiga. Ya lalubo hannuna ya riƙe, a gaban yayanki kuwa, har yayan naki ya rasa inda zai sa idonsa.

Ki gaida maigidan, ki gode masa da kiran da ya yi ta yi.

Mamanki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Albishirinki: babanki ya ci, malaminsu har ya rubuta masa yabo a ƙasan aikin. Ido kuma ya washe. Jiya ya ce ashe labulen falo yana da furanni, shi duk zatonsa fari ne.

Yanzu shi ke karatunsa da kansa. Na yi murna, Allah ya sani. Amma la'asar ta zame min wani iri. Sai in ji keken ya ishe ni, in fito in tsaya a bakin baranda kamar mai neman wani abu, shi kuwa ya yi nisa, leɓensa na motsi, ya tafi wata ƙasa ya bar ni a gida.

Shekaranjiya na raka shi karɓo littattafan sabon zango. Yana sa hannu, sai na ji bakina yana tambayar ma'aikacin ko suna ɗaukar mace mai tsohuwar takardar sakandare. Ya ce in dai sakamakon ya cika, shekaru ba ruwansu. Babanki ya yi kamar bai ji ba har muka iso gida.

Don haka ki duba min jakar takardun da kika tafi da ita, ina jin tawa na ciki, ki aiko min da ita da wuri. Ban san ko za ta cika ba, kuma ina jin tsoron jarrabawa. Na so in ce kada ki faɗa wa kowa tukuna, sai ɗazu maƙwabciyarmu ta shigo tana yi min barka. Wai ta kai agogon bangonta gyara, babanki ya ce ta dawo jibi, gobe zai raka matarsa jami'a. Kin ji shi, ko takardar ba ta iso ba!

Ki yi min addu'a, 'yata.

Taki har kullum,
Mama