Na'urar Ɗumi Ta Koma Sito

Hexham, Litinin, 9 ga Janairu

Ɗana Lionel,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yau tarin ya ɗan lafa, amma da ƙyar yatsuna ke riƙe alƙalami.

Ka cire makunnin ɗumin da marigayiya mahaifiyarka ta shekara talatin tana murzawa, ka kafa na'urar da kake juyawa da wayarka daga Leeds. Don tsabar gwaninta kuma ka liƙa ta a kicin, dab da murhu. Da na ɗora shayi sai ta ɗauka bazara ta yi, ta kashe tukunyar ɗumama gida. Ga ni a falo cikin kwat kamar mai jiran bas. Ka zo ka gyara ɓarnarka.

Mahaifinka,
Cuthbert

Leeds, 12 ga Janairu

Baba,

Barka da sanyi. Wayata ta ce digiri ashirin ne a gidanka. Jininka ne ya tsufa, Baba. Na kulle na'urar don kada ka jagwalgwala ta. Ka sake tunani kan gidan kula da tsofaffin nan. Aiki ya yi yawa, ba zan zo ba sai bikin Ista.

Ka huta lafiya,
Lionel

Hexham, Talata, 17 ga Janairu

Aminina Percy,

Gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Ka tuna shekarunmu arba'in muna ja wa mutane wutar lantarki? To yaron nan ya manta.

Na kashe babban makunni, na zare wayoyin wuta uku na na'urar da ya kafa, na ƙara musu tsawo, na huda bango. Kwana biyu na yi, ina yi ina zama. Yanzu na'urar tana sito, inda man shanu ke daskarewa. Tukunya sai ruri take, ni ko daga ni sai shat.

Wayarsa kuwa digiri shida take nuna masa. Bari hanjinsa ya kaɗa! Ya taso a guje yana zaton gawata zai tarar. Sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin in buɗe, ina taunar burodi. Ba zai wuce Asabar ba.

Naka,
Cuthbert

Lahadi, 22 ga Janairu

Percy,

Kwana biyar ke nan yana kallon shida a wayarsa. Jiya na gasa nama na mutum biyu, na jawo kujera bakin taga. Da yamma aka ƙwanƙwasa, na ƙirga har uku. Ɗan aike ne da kwali: sabuwar na'ura, ba ko takarda a ciki.

Gidan da ɗumi sosai. Lionel bai zo ba.

Cuthbert